Kujerun Kwatano: Daga Karagar Gezo Zuwa Falon Gida

Ran 10 ga watan Nuwamba, 2021, wani jirgin sama ya sauka a filin jirgi na Cadjèhoun, cikin birnin Kwatano, ɗauke da akwatuna daga Faransa. A cikin akwatunan akwai kayan tarihi 26 waɗanda sojojin Faransa suka kwashe daga gidajen sarakunan Dahomi a shekara ta 1892. Jama'a suka cika bakin titi tun daga filin jirgin har zuwa fadar shugaban ƙasa, ana kiɗa ana rawa. Huɗu daga cikin kayan nan abin zama ne: karagar Sarki Gezo, da karagar ɗansa Sarki Gilele, da wata kujerar sarauta daga garin Kana, da kuma wata 'yar kujera mai ƙafa uku wadda Fon suke kira katakle.

Mai karatu yana iya mamaki, yadda ƙasa guda za ta fito taryen kujera. Amma a wannan gaɓar teku kujera tana da dogon tarihi, tarihin nan kuwa bai tsaya a gidan sarki kaɗai ba. Ya shiga gidajen 'yan kasuwa, da majami'u, da zaurukan Hausawan Zongo, har ya kai falon ma'aikaci. Wanda yake so ya zaɓi tsohuwar kujera domin falonsa ko domin teburin cin abinci, zai fi gane abin da yake saye in ya san hanyar da kujerun nan suka biyo.

Zaman Bahaushe A Dā

A ƙasar Hausa ta dā, namiji ba ya neman kujera. Tabarma ce wurin zamansa, malami yana da buzunsa, attajiri kuma da dardumarsa. Sa'ad da Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zaune bisa 'yar darduma, ga shi kuwa mai mulkin daula mafi girma a ƙasashen nan a lokacin. Abin da ake kira kujera a wancan zamani ita ce 'yar gajeruwar nan ta mata, wadda masassaƙi yake fitarwa daga gungume guda, babu haɗi babu ƙusa. A kanta mace take tuƙa tuwo, a kanta take kitso, tana kuma cikin kayan da amarya take tafiya da su gidan miji. Sarki kuwa gado yake hawa, shi ya sa har wa yau ake cewa gadon sarauta.

Da wannan al'ada fatake suka sauko kudu. Hanyar Gwanja, wadda ake bi a sayo goro, ta ratsa arewacin ƙasar da ake kira Benin yanzu, ta Nikki da Jugu, daga baya kuma wasu suka gangara har bakin teku da shanu da fata da kanwa. Inda ayari ya yada zango, nan unguwa ta kafu, daga kalmar zango kuwa aka sami sunan Zongo. Zongon Kwatano ɗaya ne daga cikin irin waɗannan unguwanni, tafiya kaɗan ce tsakaninsa da Cadjèhoun. A nan Bahaushe ya sadu da mutanen da kujera take nuna matsayin mutum a wurinsu.

Kujera A Fadar Dahomi

A birnin Abome kowane babban bafade yana da kujerarsa, da yaron da yake ɗauke da ita a bayansa. Turawan da suka ziyarci fadar, kamar mai wa'azin Metodis Thomas Birch Freeman a 1843 da Richard Burton a ƙarshen 1863, sun ga yadda ake tsara zama bisa ga muƙami. Talaka yakan fāɗi ƙasa ya yi hurwa a gaban sarki, baƙon Bature kuwa a ba shi kujera. Kowane sarki yana da karagarsa, in ya rasu a adana ta, a riƙa fito da ita ranar bikin tunawa da kakanni.

Karagar Gezo, wanda ya yi sarauta daga 1818 zuwa 1858, tsayinta ya kusa mita 2. Mazauninta a lanƙwashe yake kamar na kujerun Ashanti, amma zanen da aka sassaƙa a jikinta irin na Fotugal da Barazil ne. Wannan haɗi yana da dalili mai ɗaci, gama arzikin Dahomi a lokacin daga cinikin bayi yake, babbar kasuwar bayin kuwa Bahiya ce ta ƙasar Barazil. Wani ɗan kasuwar bayi daga Bahiya, Francisco Félix de Souza, shi ya taimaki Gezo ya ture ɗan'uwansa Adandozan, Gezo kuma ya sāka masa da sarautar Chacha a garin Wida. Shi Adandozan ɗin ya taɓa aika wa yariman Fotugal da ke zaune a Barazil kyautar karaga, wajen 1811. Ta zauna a gidan tarihi na ƙasa a birnin Riyo fiye da shekara ɗari, har gobarar watan Satumba na 2018 ta cinye ta tare da gidan.

A watan Nuwamba na 1892 rundunar Janar Dodds ta shiga Abome bayan Sarki Behanzin ya sa wa fadar wuta ya janye arewa. A cikin rundunar akwai ƙungiyar da Faransawa suke kira sojojin Hausa, waɗanda aka ɗiba a bakin teku. Dodds ya tafi da karagu da ƙofofi da gumakan sarakuna, ya ba gidan tarihi a Faris. Sai bayan shekara 129 suka komo. Daga Fabrairu zuwa Mayu na 2022 aka buɗe fadar shugaban ƙasa a Kwatano domin kowa ya shiga ya gani kyauta. Wata katakle ta biyu, wadda gidan tarihin Faris ya ba ƙasar Finlan a musaya tun 1939, ita ma an komo da ita a watan Mayu na 2025.

Kafintocin Da Suka Komo Daga Barazil

Kujera mai jingina da ƙafa huɗu, wadda aka haɗa da guntayen katako, ta yaɗu a gidajen bakin teku ta hannun mutanen da ake kira Aguda. A watan Janairu na 1835 bayi da 'yantattu Musulmi suka yi tawaye a birnin Salbado na Bahiya. Yawancinsu Yarbawa ne, amma da Hausawa a ciki, gama tun 1807 Hausawan Bahiya suke yunƙurin karya ƙangin bauta. Bayan an murƙushe tawayen, hukuma ta kori wasu, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka komo Afirka. Suka zauna a Wida, da Agwe, da Porto-Novo, da Ikko.

Da yawa a cikinsu masu sana'ar hannu ne, magina da kafintoci da teloli. Suka gina gidaje masu bene da manyan tagogi, suka cika su da tebur da kabad da gado mai sassaƙa. Babban masallacin Porto-Novo, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20 bisa fasalin majami'un Bahiya, shaida ne na gwanintarsu. Kujerar Aguda tana da alamunta: itace mai duhu da nauyi, jingina mai sassaƙar ganye ko fure, da mazauni na saƙar kwagiri. Saƙar nan ta dace da ƙasa mai zafi da laima, domin iska tana ratsa ta, zufa kuma ba ta taruwa.

Mishan ma ya sa hannu. Sa'ad da Fada Borghero na ƙungiyar SMA ya sauka Wida a watan Afrilu na 1861, Aguda ne Kiristan da ya tarar. A Gwalkwas kuma, Mishan na Basel ya buɗe wuraren koyar da kafinta da ƙira a Osu kusa da Ankara tun wajen tsakiyar ƙarni na 19, kafintocin da ya horar suka bazu neman aiki a garuruwan gaɓar teku har Kamaru. Majami'a tana bukatar benci, makaranta tana bukatar tebur, malamin makaranta da katikis kuma suka soma sa kujera a ɗakin baƙi. Ta haka cin abinci a kan tebur ya shiga gidajen da dā ake zagaye akushi a tabarma.

Kujerun Da Jirgin Ruwa Ya Kawo

Kwatano ba tsohon birni ba ne. Ƙaramin wuri ne a bakin tafki a zamanin Gezo, sai da Faransawa suka kafa gadar saukar kaya a teku a farkon shekarun 1890, suka kuma soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1900, sa'an nan ya bunƙasa. Kamfanonin Marsai da Hambug masu sayen manja suka riƙa shigo da kayan ɗaki na masana'antun Turai.

Kujerar da ta fi kowacce yawo a duniya a wancan zamani ita ce ta Michael Thonet na birnin Biyana, mai lamba 14, wadda ta fito a 1859. Akan turara sandunan itace da tururi har su yi laushi, a lanƙwasa su cikin ƙarfe, su bushe a haka. Kujerar duka guntayen itace 6 ne, da ƙusa mai zare 10, da noti 2. Ana iya shirya guda 36 a kwance cikin akwati mai mita ɗaya a kowane gefe, a ɗaura su in an isa. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50. Wasu kamfanoni da yawa sun kwaikwaye ta, saboda haka ba kowace kujera mai lanƙwasasshen baya ce ta Thonet ba. Ta ainihi takan zo da hatimi ko 'yar takarda a cikin zoben mazauni.

Joji-joji da ma'aikatan mulkin mallaka suna da nasu: kujerar zane mai naɗewa wadda ɗan dako yake ɗauka a rangadi, da doguwar kujerar baranda mai dogayen hannuwa inda ake miƙe ƙafa. Kafintocin gari suka duba waɗannan, suka yi irinsu da loko da maɗaci. Daga wajen 1950 zuwa bayan samun mulkin kai a 1960, kujerar falo mai firam na katako da kushin biyu, ɗaya na zama ɗaya na jingina, ta zama alamar gidan ma'aikaci daga Kwatano har Kano. Ana sayenta saiti guda, doguwa ɗaya da ƙanana, da ɗan tebur a tsakiya mai shimfiɗar saƙa.

Yadda Tsoho Ya Zama Abin Yarwa, Ya Kuma Zama Dukiya

A 1965 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Cikin shekarun da suka biyo baya birnin ya zama ƙofar kayan gwanjo daga Turai, har mutanen arewacin Nijeriya suka riƙa kiran tsohuwar mota 'yar Kwatano. Tare da motoci da firiji, kwantena ta kawo kujeru na hannu. Sa'an nan ga kujerar roba, wadda ake zubawa a inji cikin ɗan lokaci kaɗan. Wani Bafaranshe, Henry Massonnet, ya fito da irinta a 1972, daga shekarun 1980 kuma ta cika duniya. Ba ta da nauyi, ba ta tsoron ruwa, ana jera ɗari a lungu guda. Biki da zaman makoki da taron ikkilisiya duk suka koma kanta. Manyan kushin masu soso kuma suka kori kujerun katako daga falo. Da yawa aka jefa bayan ɗaki, gara ta ci, wasu aka faskara aka hura wuta.

A lokacin nan kuwa dillalan Turai suna neman abin da ake zubarwa. Misalin da ya fi fitowa fili ya faru a Yamai. A 1949 aka kafa wani gida na ƙarfe da alminiyam a can, aikin Bafaranshe Jean Prouvé, aka kuma kafa biyu a Barazabil a 1951. Wajen shekara ta 2000 wani dillalin kayan tarihi ya saye su, ya kwance, ya kai Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a birnin Niyok, aka saye shi kusan dala miliyan 5. Kujeru da teburori na wannan zamani, waɗanda aka bari a tsofaffin ofisoshi da gidajen ma'aikata, su ma haka aka bi aka tsince su da araha. Ba da bindiga aka tafi da waɗannan ba, masu su ne ba su san darajarsu ba.

Itacen kansa ma ya yi tsada. Maɗobiya, wadda kafintocin yankin suke ji da ita saboda ƙarfinta da kyan launinta, an sare ta ba ƙaƙƙautawa domin kasuwar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Katakon da kafinta ya samu cikin sauƙi a 1955, busasshe mai fāɗi, da wuya a same shi yau. Wannan kaɗai ya isa dalilin gyara tsohuwar kujera maimakon yar da ita.

Abin Da Mai Zaɓe Zai Duba

A al'adar masu wannan ciniki, abin da ya kai shekara 100 shi ake kira kayan tarihi. Wanda bai kai ba, amma ya wuce shekara ashirin ko talatin, tsohon yayi ne kawai. Yawancin abin da za a samu a Kwatano na kashi na biyu ne, ba kuwa aibi ba ne, muddin ba a biya kuɗin na farko ba.

Abu na fari shi ne a juya kujerar a dubi ƙarƙashinta, gama can ne kafinta ba ya ɓoye kome. Aikin kirki ana huda rami a ƙafa, a fere bakin sandar ya shiga daidai, a soke da turken itace. In ƙusa ce kaɗai ta riƙe haɗin, aikin gaggawa ne. Aikin hannu yakan bar sawun zarto da na abin fira waɗanda ba su daidaita ba, ƙafafun kuma sukan ɗan bambanta da juna. Tsufa na gaskiya yana fitowa a wuraren da jiki yake taɓawa: bakin hannuwa, da sandar gaba inda ake ɗora ƙafa, da ƙasan ƙafafu na baya inda ake jan kujera. In kujera ta tsufa daidai wa daida a ko'ina, har inda hannu ba ya kaiwa, to, tsufan sawa aka yi.

Wannan gargaɗi yana da tushe. Fataucin kayan sassaƙa da na tarihi a Afirka ta Yamma ya daɗe a hannun Hausawa da wasu 'yan kasuwa, kamar yadda binciken Christopher Steiner a kasuwannin Abijan, wanda aka buga a 1994, ya nuna. A cikin sana'ar akwai masu amana, akwai kuma masu tsufar da sabon abu da hayaƙi da kunkunniya da ruwan goro, ko su binne shi kwana kaɗan gara ta lasa. Kujerar nan ta allo biyu masu shiga juna, wadda ake sayar wa baƙi a kasuwannin sana'ar hannu, tana da kyau a baranda, amma yawancinta sabon aiki ne. A saye ta a kan kuɗin sabo.

Na biyu, a nemi ƙananan huji da garin itace mai laushi a ƙarƙashi. In garin fari ne sabo, ƙwaro yana nan da rai, zai kuwa bi sauran kayan ɗaki. Iskar teku ta Kwatano tana sa ƙusa tsatsa har ta fasa itacen da ke kewaye da ita. Wanda zai kai kujera arewa kuma ya tuna da hunturu: itacen da ya saba da laima yakan tsuke a Kano ko Maraɗi, haɗi ya saki, allo ya tsage. Gara a ajiye ta nesa da rana, a riƙa shafa mata mai ko kakin zuma.

Na uku shi ne awo. Teburin cin abinci tsayinsa wajen santimita 75 ne, kujerarsa kuma wajen 45 daga ƙasa zuwa mazauni, domin a bar wa cinya wuri. In tana da hannuwa, a tabbata za su shige ƙarƙashin tebur. Kujerar falo takan fi gajarta, ta fi zurfi, bayanta kuma a kishingiɗe. Mai kyan gani ce, amma tsoho mai ciwon gwiwa yakan sha wuyar tashi daga cikinta, saboda haka gidan da yake da dattawa ya kamata a sami ko guda ɗaya mai tsayi da hannuwa masu ƙarfi. Kada a saya sai an zauna a kai, an jingina, an ɗan girgiza. Ba lalle ne kujerun tebur su zama iri ɗaya ba. Saiti shida cikakke na dā yana da wuyar samu, kujeru dabam dabam kuwa sukan zauna lafiya tare in tsayinsu ɗaya ne, launin itacensu kuma ya yi kusa.

Wajen gyara, a yi kaɗan. Ana iya sāke saƙar kwagiri, a sāke kushin, a buɗe haɗin da ya saki a sa sabon gam. Amma kankare tsohon launi da inji, ko shafe sassaƙa da fenti mai ƙyalli, yana rage darajar kujera, ba kuwa a iya komo da abin da aka kankare.

Akwai kuma kujerar da ba ta sayarwa ba ce. Kujerar sarauta, ko ta gidan tsafi, ko wadda iyali suke tunawa da kakansu da ita, in ta fito kasuwa sau da yawa wani ne ya ɗauke ta ba da yardar sauran ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan gado na sata tsakanin ƙasashe, Benin kuma tana da dokar kāre kayan tarihinta. Mai saye ya tambayi inda abu ya fito, in amsar ba ta fito sarai ba, ya bar shi.

Kafin a tafi kasuwa ma, ya kamata a leƙa ɗakin ajiya na gida. A gidaje da yawa na Zongo da Cadjèhoun, da na Jos da Zariya da Wusasa, akwai kujerar da kaka ya saya da albashinsa na fari, ko 'yar kujerar da kaka ta zo da ita ranar aurenta, an kife ta a lungu ƙafa ɗaya a karye. Kuɗin gyaranta bai kai na sabon kushin ba. In an gyara, a tambayi tsofaffin gida wa ya yi ta, a wane gari, a wace shekara, a rubuta amsar a takarda a manna a ƙarƙashin mazauni. An san mai karagar da ta sauka a Cadjèhoun domin akwai waɗanda suka riƙe labarinta shekara 129. Kujerar gida kuwa ba ta da mai riƙe nata labarin sai mutanen gidan.